Hannayen da Na Yanke

Saura kwana ɗaya a nuna fim ɗin, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya.

Aikina tace fim ne. Masu kyamara su kawo min hoton awa arba'in, ni in mayar da shi awa ɗaya da rabi. Shi ya sa Darakta ba ya kirana da komai sai Almakashi. Ɗakin da nake aiki ba shi da taga. Akwai fanka mai ƙara, da kwamfuta, da kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza sauran tsawo, na tokare ta da tsohon kwali.

Fim ɗin labarin wata kurma ce da ɗanta ya rasu, ta kulle kanta a gidan sama, ta daina buɗe wa kowa ƙofa. Sai kayan yaron suka fara canza wuri. Ta bar takalminsa a bakin ƙofa, ta tarar da shi a kan gado. Wani ne yake shiga gidan. Mu 'yan kallo muna jin takunsa a bayanta, ita ba ta ji.

Abin da Darakta ya fi alfahari da shi shi ne bai ɗauko jaruma mai ji ya ce ta yi kamar ba ta ji ba. Kurma ta gaske ya nemo, wata mai ɗinki da ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Duk inda aka miƙa masa abin magana sai ya faɗi haka. Har ya gayyaci ƙungiyar kurame su zama na farko da za su kalla, gobe da ƙarfe biyu na rana.

Da safen nan ƙanwar Mai Ɗinki ta zo duba fassarar da muka rubuta a ƙasan hoto. Ita tana ji, kuma ita ce ta yi mana tafinta a wurin ɗaukar fim, tana mayar da maganar hannu zuwa ta baki. Ta zauna a kujerar, ta karkata, ta harare ni.

“Malam, wannan kujerar ku ce ko tarko?”

“Ki jingina ta hagu, Malama. Sai an saba.”

Muka yi ta tafiya lafiya, tana gyara kalma nan da can, Darakta yana tsaye a bayanmu yana danna waya. Har muka iso fitowar ƙarshe, inda matar take zaune a bakin gadon ɗanta tana yi masa magana. Wannan wurin na fi wahala a kansa. Na cika allon da fuskarta, daga goshi zuwa saman kafaɗa, minti biyu cur, hawaye yana gangarowa ta gefen hanci.

Ƙanwar ta ce, “Tsaya. Ina hannayenta?”

“Suna ƙasa,” na ce. “An matso kusa ne.”

“Wa ya ce ka matso?”

Ba wanda ya ce. Haka ake yi. Ni da kaina na koyi aikin nan, da kallon fina-finai ina tsayar da su ina ƙirga inda aka yanka, kuma duk abu ɗaya suka koya min: idan baƙin ciki ya kai maƙura, a je fuska. Na fara yi mata wannan bayanin, ta katse ni.

“Da mai ji ce take magana, za ka kashe sautin a daidai nan?”

“A'a.”

“To ka kashe. Minti biyu Yaya tana magana, ka bar mana hanci da ido. Gobe mutum ɗari za su zauna suna kallon rubutu a ƙasa, su da aka ce an yi fim ɗin da yarensu. Wallahi sai sun cinye ku ɗanye.”

Darakta ya sa waya a aljihu. “Almakashi, ka kashe ni. Ba kyamara biyu muka sa ba a ranar?”

“Biyu ne. Ɗaya kusa, ɗaya nesa.”

“To ka sa na nesan. Gaba ɗaya, kar ka taɓa shi. In ga hannu, in ga yatsu, in ga farce.” Ya dubi agogo. “Ina da hira a gidan rediyo. Kafin yamma in same shi a shirye.”

Ya fita. Na nemo hoton kyamarar nesa. Sau ɗaya kawai aka ɗauki fitowar, don da ta gama kowa ya yi tsit, Darakta ya ce ba za a sami wadda ta fi ta ba. Ƙanwar ta ce ita ba ta nan a ranar, haƙori ya hana ta fita, da takarda aka yi wa yayarta bayani. Na danna.

Ga ta a bakin gado, tun daga kai har gwiwa. Hannayen suka tashi. Ƙanwar kuma bakinta ya fara bin su, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, hannu yana motsi tana faɗa, ba ta jira maganar ta isa zuciyarta ba.

“Ina kan keken ɗinki. Na ji ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata, sau ɗaya, da nauyi. Na san ba keken ba ne. Na ce bari in ƙarasa layin nan. Na ƙarasa. Na juya wuyan rigar, na ɗinke ɗaya gefen. Na yanke zare. Sannan na tashi na leƙa ɗaki. Na ce wa babanki ban ji komai ba. Na ji, 'yata. Na…”

Ta tsaya. Hannayen da ke allo ba su tsaya ba.

Na dubi takardar labarin da ke gabana. Abin da aka rubuta a wurin shi ne: Ɗana, ka yafe min, gidan nan ya yi min girma. Babu keke, babu zare, babu 'ya.

“Kashe,” in ji ta. “Don Allah kashe.”

Na kashe. Fanka ta ci gaba da ƙara. Da ƙyar ta ba ni labarin, tana kallon bango. Shekara shida ke nan. Yayarta tana da 'ya 'yar shekara biyu da rabi. Yarinyar ta kama hawa durowar kaya, durowar ta rikito a kanta. Likita ya ce da an ɗaga ta da wuri, da wataƙila. Kowa ya ce ai uwar ba ta ji, ya za a yi ta sani. Mijin, shi ma kurma ne, sana'arsa aikin kafinta, kuma shi ya haɗa durowar da hannunsa, bai kafe ta a bango ba.

“Tun daga ranar bai sake yin durowa ba,” ta ce. “Ko an kawo masa aiki sai ya tura wa wani. Shi yana ganin shi ya kashe ta. Gobe kuma a layin gaba zai zauna.”

“Ke kin sani?”

“Yanzu na sani. A bakina na ji.” Ta ɗauki jakarta. “Ka mayar da fuskar. Kar ka gaya wa Darakta, ka san shi, a rediyo zai faɗa. Kar kuma ka gaya wa Yaya na gani. Ban gani ba. Ka ji ni?”

Ta tafi ta bar ni da ɗakin.

Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na sa ruwan shayi na manta da shi har ya ƙone. Na kunna hoton sau uku, ina kallon hannayen da na yi wata biyu ina gani a matsayin ado, kamar rawar labule. Mutum talatin ne a wurin ɗaukar a ranar, da mai fitila da mai kwalliya da mai riƙe da sandar sauti, suka ga mace ta faɗi abin da ya fi komai nauyi a rayuwarta, suka tafa.

Hanya uku na gani. In sa na nesan da rubutun labarin a ƙasa: masu ji su karanta ƙarya, kurame su karanta gaskiya, mijin ya ji a gaban mutum ɗari. In mayar da fuskar: asirinta ya rufu, amma na toshe mata baki, kuma mutumin nan ya ci gaba da ɗaukar kayan shi kaɗai. Ko in gaya wa Darakta in zare hannuna. Na san abin da zai ce. Zai dafe kai, ya ce Allah sarki, sannan idonsa ya yi haske.

Abin da ya fi damuna shi ne, a duk hanyoyin ukun, wasu ne suke yanke mata hukunci: ni, da ƙanwarta, da Darakta, dukkanmu masu ji. Wata zuciyar ta ce, wa ya sani ko da gangan ta faɗa? Wataƙila ta kasa fuskantar mijin ne, ta zaɓi allo ya faɗa a madadinta. In haka ne, yankewar ita ce cin amana.

Na kwafe hoton a ƙaramar kwamfuta, na fito.

Rana ta take. Motar haya ta tsaya a cunkoso kusa da gada, na kasa haƙuri na sauka na taka. Na wuce masu gyaran waya, da shagon tayoyi, da wani gini da aka bari ba rufi. Sau biyu na juya zan koma. Darakta ya kira, ban ɗauka ba. Ya turo saƙo: Almakashi, ina hannuna?

Shagonta yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. A jikin ƙofa akwai maɓalli, idan ka danna, kwan fitila ne yake kamawa a saman kekenta. Na danna. Ta ɗago, ta gane ni, ta yi murmushi, ta yi alamar almakashi da yatsu biyu. Ta share min benci, ta kawar da tarin yadi.

Ban iya maganar hannu ba. Wata biyu ina kallonta kullum, ko gaisuwa ban koya ba. Na buɗe kwamfutar a kan teburin yanka, na kunna.

Ba ta kai ƙarshe ba. Ta miƙa hannu ta rufe murfin a hankali. Ta leƙa waje, ta dawo, ta ɗauki allin da take zana yadi da shi, ta rubuta a kan teburin:

Wa ya karanta maka?

Na tsaya. An ce kar in faɗa. Amma mutum nawa ne a ɗakin tace fim da suka iya maganar hannu? Ta dube ni, ta rubuta da kanta: Ƙanwata. Na gyaɗa kai.

Ta zauna a kan kujerar keke. Ta daɗe tana kallon ƙafarta. Mai aski yana ta dariya da wani a bayan bango, na ji kamar in je in ce su yi shiru, sai na tuna ni kaɗai abin yake damu.

Na rubuta a wayata na miƙa mata: Darakta yana so a sa wannan gobe. Ke kina so a gani?

Ta girgiza kai da ƙarfi. Ta goge teburin da gefen hannu, ta sake rubutawa, alli yana karyewa:

Ba don a gani na faɗa ba.

To don me? na rubuta.

Ta yi rubutu mai tsawo, tana gogewa tana ƙarawa, don teburin ba ya ɗaukar fiye da layi uku. Ga abin da na haɗa. A ranar, Darakta ya miƙa mata takarda: Ki tuna wani naki da ya rasu. Haka yake yi wa duk 'yan wasa idan yana neman hawaye. Ta duba ɗakin, ta ga ƙanwarta ba ta nan. A gida ba ta iya faɗa, mijinta yana gani. A ƙungiya ba ta iya faɗa, kowa yana gani. Ko ita kaɗai a ɗaki tana tsoron a leƙo. Ranar ce karo na farko a shekara shida da ta sami mutane a gabanta, suna kallonta da dukkan hankalinsu, kuma babu ko ɗaya da zai gane.

Kyamara fa? na rubuta.

A nan ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta zana murabba'i da yatsu a kewayen fuskarta. Sannan ta rubuta:

Na kalli fim da yawa. Kullum fuska kuke ɗauka. Na san za ka yanke.

Ban san inda zan sa idona ba. Abin da ƙanwarta ta kira laifina da safe, shi matar nan ta dogara da shi. Ta auna mu tsaf, ta san iya inda muke gani.

Na yi ta juya wayar. Akwai abin da ba hurumina ba ne, amma na rubuta: Mijinki yana ganin laifinsa ne shi kaɗai.

Ta karanta. Fuskarta ta canza, na ɗauka za ta kore ni. Ta rubuta:

Na sani. Ni nake kwana kusa da shi, ba kai ba.

Ta goge. Ta ƙara: In zan faɗa masa, a ɗakinmu. Ba a bangon majigi ba.

Sai ta buɗe kwamfutar, ta nuna hoton, ta goge tafin hannunta ɗaya da ɗayan. Na gane. Na goge shi a gabanta. Na nuna mata da yatsa cewa akwai saura a ofis. Ta riƙe hannun rigata, ta dube ni har sai da na gyaɗa kai.

A ofis akwai kwafi biyu. Na goge na farko ba tare da tunani ba. Na biyun na ɗora yatsa na ɗauke ya fi sau goma. Ba nawa ba ne. Mai kyamara ya tsaya awa uku yana saita fitilar wurin, kuma a duk abin da na taɓa tacewa ban ga minti biyu da suka kai waɗannan ba. Na goge.

Darakta ya shigo da la'asar yana fito.

“Nuna min hannuna.”

“Babu.”

“Kamar ya babu?”

“Ina share faifai ne, na haɗa da shi. Duka kwafin.”

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Sai ya fara. Ya ce shekara goma sha ɗaya muna tare ban taɓa ɓatar da ko tari ba, sai yau. Ya tambaya ko wani ne ya turo ni. Ya ce a sake ɗauka, sai ya tuna an rushe ɗakin, gadon ma an mayar wa mai shi. Ya kira ni jaki, ya ba jaki haƙuri. Na sunkuyar da kai ina jin sa.

“Gobe kai za ka tsaya gabansu,” ya ce. “Ni ba zan ɗauki wannan ba.”

Washegari zauren ya cika. An bar fitila ɗaya a gefe don su ga hannayen juna. Ban taɓa ganin taro mai hayaniya haka ba, kuma babu abin da ake ji sai motsin kujeru da ƙarar awarwaro. Fim ya kama su. Da inuwar mutumin ta gilma a bayan matar, wata tsohuwa ta miƙe tana kaɗa wa allo hannu wai ta waiwaya. Na tsaya a bakin ƙofa, na fita, na dawo, na sake fita.

Da aka zo fitowar ƙarshe, fuskar ta cika bango. Na ga hannaye sun fara tashi a layi-layi. Wani ya buga ƙafa a ƙasa, wasu suka taya shi, har na ji a ƙirjina.

Aka kunna fitilu. Shugabar ƙungiyar ta hau gaba, ƙanwar tana gefenta tana fassarawa, ba ta ko kalli inda nake ba. Shugabar ta gode. Ta ce sun ga kansu a allo yau, abin da ba su saba ba. Sannan ta ce amma a wurin da 'yar'uwarsu ta fi bukatar magana, an ɗaure mata hannu, an ba su rubutu, kamar kullum. Ta ce tana so ta ga wanda ya yi.

Darakta ya nuna ni da hannu biyu.

Na fito. Na ce kuskurena ne, na saba da masu magana da baki, ban yi tunani ba. Ƙanwar ta mayar da shi da hannu. Wani saurayi daga baya ya yi wata alama, zauren ya kwashe da dariya, ita kuma ba ta fassara ba. Mai Ɗinki tana layin gaba, hannayenta a kan cinya.

Ana watsewa wani ya taɓa kafaɗata. Dogo ne, babban yatsansa na hagu da tsohon tabo. Ban taɓa ganinsa ba amma na san shi. Ya nuna wayata, na ba shi. Ya daɗe yana dannawa da yatsa ɗaya.

Na san kafaɗar matata. Rubutun ƙasa gajere ne. Ita ta yi magana mai tsawo. Me ta ce?

Na ɗaga kai. Tana can bakin ƙofa, mata sun kewaye ta suna rungumarta, ita kuma ta saman kafaɗarsu mu take kallo.

Na rubuta: Ka tambaye ta. Na dubi kalmomin. Ko wannan ma ya yi yawa, don ya nuna akwai abin tambaya. Na goge kafin ya gani. Na rubuta: Ban iya maganar hannu ba. Hoton kuma ya ɓace.

Duka biyun gaskiya ne. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya dube ni tsawon lokaci, irin kallon da ake yi wa katakon da ake zargin akwai ɓoyayyar tsaga a cikinsa. Ya miƙo min wayar. Sannan ya ɗaga hannu ya yi wata alama guda, a hankali, daf da fuskata, don in gani da kyau.

Ya juya ya nufi ƙofa. Matan suka buɗa masa, ya karɓi jakar matarsa ya rataya, suka fita tare. Akwai mutum ɗari a zauren da za su iya gaya min ma'anar alamar. Na tsaya ina naɗe wayar majigi, na warware, na sake naɗewa, har suka ƙare.